Ta buɗe gwangwani ta ga sojoji ba kawuna da allura a wuya, ta yi yaji

Saƙon wannan satin daga nan cikin gari ya zo, na ɗan rage shi don ya yi tsawo.

"Salamu alaikum Kawu, dan Allah a sakaya sunana. Shekarata 29, gyaran salula nike yi a nan Maradi, aurenmu shekara ɗaya da rabi, muna da ɗiya mai wata takwas. Tun ina lakwal nike tara 'yan sojojin nan na roba da ake saidawa cikin leda, yanzu sun fi ɗari biyu, ina yanke kan wani in sa ma wani, in yi masu fenti, ni da wani abokina mu jera su bisa tebur muna yaƙi da doka irin yadda na gani a YouTube. Matata ba ta sani ba don kunya nike ji, cikin gwangwanin biskit nike ɓoye su saman silin. Ran Talata tana bin warin ɓera ta sauko da gwangwanin, ta ga mutane ba kawuna an soka masu allura a wuya, ga reza ga jan zare, ta ɗauka asiri nike mata, ta kwashi gwangwanin da ɗiyar ta tafi gidansu. Yau kwana huɗu. Yayana ya ce gumaka ne in ƙone su. Kuma ta gano na tura jika 35 an sawo mini fenti da kwalin sojoji daga waje a watan da na ce mata ba kuɗin anko. In ƙone su ne? Ya zan yi biko? Sannan Kawu in ka sani, mi ya sa fentin ke ɓarewa da na taɓa bindigar?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi sai da na aje wayar na yi dariya har da hawaye, ba halin da kake ciki nake ma dariya ba, tambayarka ta ƙarshe ce ta kashe ni. Mata na gidan iyayenta kwana huɗu, suruka na riƙe da gwangwani, Yaya na jira ka kawo ashana, amma kai hankalinka na wajen fentin da ke ɓarewa. Daga nan na gane abin nan ya shiga jininka, ko yau ka ƙone su kafin babbar sallah ka sayi wata leda. Zan ba ka amsar fentin, ai sana'ata ce ta da, shekara da shekaru ina rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci kafin ido ya fara gardama, amma sai ka haƙura mu fara da abin da ya fi zafi.

Ka tsaya ka kalli gwangwanin nan da idonta. Yarinya ta tashi a garin nan, tun tana ƙarama take jin labarin wance an yi mata sammu, an haƙo laya a bakin ƙofa, an samu 'yar tsana da allurai a bayan ɗaki, sai ga shi a gidan aurenta, saman silin, inda ba a aje abin arziki, ta tarar da siffar mutane an datse masu kai an soka ƙarfe a wuya ga jan zare a gefe. Mi kake so ta ɗauka? Ni da gemuna fari in na ga haka a ɗakin wani sai na ja da baya ina a'uzubillahi. Da tun satin farko na aure ka zauna tsakar gida bisa tabarma kana fentinka tana tankaɗe tana maka tsiya, da yanzu iyakarta ta ce ma ƙawayenta mijina fa yaro ne har yau wasan soja yake, a yi dariya a wuce. Ɓoyon da ka yi shi ya maida abin wasa ya koma kayan boka. Kunya ka guje ma, gashi ka sayi wadda ta fi ta girma, yanzu har dangin matarka sun ji.

Sai maganar jika 35, kuma ita ce nake ganin za ta daɗe a zuciyarta bayan tsoron asirin ya wuce. Tsoro da ta ga gaskiya zai tafi. Amma ka dube ta ka ce babu, ta je biki da tsohon zane cikin ƙawayenta da sunka yi anko, alhali akwai, ka dai zaɓi inda za ka kai ne, wannan sunansa ƙarya ƙanena, kar ka nemo masa wani suna. Kuɗinka ne, guminka ne, ba wanda ya ce duk sisin da ka samu sai ya tafi cefane, maza nawa ke kashe fiye da haka a shayin fada da data da kallon ƙwallo ba wanda ya ce masu kanzil. Da ka ce mata akwai amma na yi niyyar wani abu da su, ku yi faɗanku na kwana ɗaya ku shirya, ya fi.

Toh biko. Kar ka je kai kaɗai kuma kar ka yi ta waya. Ka samu Yayan naka, shi ɗin da ya ce ka ƙone, ka ce masa Yaya maganarka na ji ta kuma zan kai ta gaban malam, amma yanzu gidana ke rushewa ka raka ni. In akwai baffa ko kawu da surukan ke jin nauyinsa a tafi da shi, da goronku. In an zauna ka fara da kuɗin, ka ce na yi ƙarya na tuba, ba tare da "amma" ba. Bayan nan ka roƙi a fito da gwangwanin a gaban kowa, ka ɗauki soja ɗaya da kai ɗaya ka nuna ma Hajiya surukarka da hannunka yadda allurar nan take, cewa ƙusa ce kawai ta riƙe kai da wuya don gam ba ya kama irin robar, ka fito da wanda ka gama fentinsa ta riƙe ta juya shi, ka buɗe wayarka ta ga dattawan Turawa masu furfura sun kewaye tebur suna abin nan. Gani ya kori ji. Za a yi maka dariya, ƙila ƙannenta su sa maka suna kwamanda har ka tsufa, ka shanye, dariyar nan ita ce alamar an yarda ba tsafi ba ne. Kuɗin ankon kuma ka biya, ko bikin ya wuce ka sai mata zanen ko ka ba ta kuɗin a hannu. Daga nan ku yanke abin da za ka riƙa kashewa a wata, ko jika biyu ne ko uku, ta san da shi, in wata ya zo da matsi ko ɗiya ba lafiya soja ya jira.

Maganar Yaya kuwa kar ka raina ta, ba ƙiyayya ba ce. Ni ba malami ba ne, fatawa ba tawa ba ce, amma ga abin da ke cikin littattafai don ka san mi za ka tambaya. Hadisin cewa mala'iku ba su shiga gidan da ke da kare ko sura yana cikin Bukhari da Muslim. Malamanmu na Malikiyya sun fi tsanantawa a kan siffar abu mai rai wadda ke da inuwa, wato mai jiki a tsaye, kuma gaɓoɓinta sun cika, in ta rasa abin da mai rai ba ya rayuwa sai da shi kamar kai to hukuncin ya yi sauƙi. Ka ga abin mamaki, marasa kawunan nan da sunka firgita amarya su ne masu ƙaramar matsala. Sannan an yi rangwame a kan kayan wasan yara, Nana A'isha tana da 'yan tsana a gidan Annabi (SAW), har a ruwayar Abu Dawud akwai doki mai fukafukai biyu a cikinsu, ya tambaya ta ba shi amsa ya yi dariya. Sai dai rangwamen na yara ne, kai kuwa magidanci ne mai ɗiya, nan ne tambayar take. Akwai ta biyu da Yaya bai ma gano ba, ƙwayar ludo, in kuna jefa ta a wasan naku, don hadisin da ya hana nardu, wani wasa da ake yi da ƙwaya, yana cikin Muwaɗɗa da Muslim kuma malamai da yawa suna sa ƙwayar a ciki ko ba caca. Ka ɗauki soja ɗaya a aljihu, ka je wajen malamin da kai da matarka duk kunka yarda da shi, ba wanda ka san zai faɗa maka abin da kake so ba, ka nuna masa, ka ce ga yadda muke yi ba kuɗi ba caca ba ya hana mu sallah, in da gaske ba ya hana ku ɗin.

In ya ce ka bari, ka bari, wasan ba ya mutuwa don an cire mutum-mutumi. Asalin abin nan ma ba da siffar mutane anka fara shi ba. A 1824 wani matashin hafsan Furusiya, wani yanki na Jamus ta yau, mai suna Reisswitz ya nuna ma manyan sojan ƙasarsu wasan yaƙi da ake kira Kriegsspiel, bisa taswira ake yi da 'yan gutsattsarin ƙarfe masu kusurwa huɗu, ja da shuɗi, kowane yana matsayin runduna, da alƙali a tsakiya wanda shi kaɗai ke ganin komi, kuma rundunar ta karɓe shi ta riƙa horar da hafsoshi da shi. Nasu na farko da ƙwaya ake yi, amma a 1876 wani hafsa Verdy du Vernois ya kawo salon da anka aje ƙwaya da tulin dokoki, alƙali mai sanin yaƙi shi ke yanke wa ya ci wa. Kenan da guntayen katako daga wajen kafinta, da tutoci, da ganuwa, da igwa da tankoki in kana so tunda su ba rai gare su ba, da mutum na uku mai adalci, kun yi wasanku ba gunki ba ƙwaya. Hannunka na fenti ma ba zai zauna banza ba.

Kuma ka daina jin kunyar nan. A Landan William Britain ya fito da hanyar zuba sojan dalma mai rami a ciki a 1893, abin ya yi arha ya cika gidaje, sai a 1913 marubucin nan H. G. Wells, babban mutum da sunansa ya zaga duniya, ya buga ɗan littafi Little Wars na dokokin yaƙi da sojojin wasa, shi da abokansa manya suna rarrafe a ƙasa. A dokarsa ba ƙwaya a wajen faɗa, 'yar igwa ce mai sifirin tana harba ɗan tsinken katako, wanda ya faɗi ya mutu, tafiya kuma da igiya ake aunawa, na ƙasa ƙafa ɗaya mai doki ƙafa biyu. Mutumin kuma maƙiyin yaƙi ne, ra'ayinsa shi ne wanda ya buga ƙaramin sau uku sau huɗu zai gane irin shirmen da babban yake, shekara ɗaya bayan nan Yaƙin Duniya na 1914 ya ɓarke. Mu nan ma wa bai yi dokin kara ba, wa bai gina doki da laka a bakin gulbi ba, tsofaffi na zaune gindin bedi suna dara tun hantsi har azahar ba wanda ya ce masu yara. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Yauwa, fenti. Matsalarka ba fentin ba ce kaɗai, robar ce. Yawancin sojojin leda da irin robar jarka da bokiti ake yinsu, foliyetilen, mai santsi kamar an shafa mata kakin zuma, ba abin da ke kama ta da gaske, ko sufa gulu ɓarewa yake. Ga ta kuma tana lanƙwasa, fentin da ya bushe ba ya lanƙwasa, shi ya sa daga bindiga da takobi da ƙafar doki ɓarewar ke farawa. Ka gwada da kofin ruwa, ka jefa soja ka girgiza kumfar ta fita, in ya taso sama to ita ce, in ya nutse kuma yana da taushi kamar tiyo to PVC ne, in ya nutse yana da tauri yana karyewa ƙas to folistirin ne, irin na kwalaye masu tsada, shi wannan ba ya ba da wahala. Na tabbata kuma fentin mai ka fara da shi, na ƙofa da taga, don shi ke ko'ina a kasuwa. Wannan kauri gare shi yana cike fuska da maɓallai soja ya koma kamar an tsoma shi a kunu, a kan PVC kuma sai ya yi wata da watanni yana danƙo bai bushe ba, ga ƙurar garin nan, kafin ka ankara ya zama ɗan bunu.

Abin da za ka yi, ka wanke su tukuna da ruwan ɗumi da omo da tsohon buroshin haƙori, don akwai man da kamfani ke shafa ma abin zubi ga kuma maiƙon hannu, ka bar su su bushe sarai. Layin nan da ke bin gefen jiki inda zubi ya haɗu ka share shi da sabuwar reza a hankali, kar ka goga da sanfefa, robar gashi take yi. Sai ka samu farin gam na kafinta, ka sirka da ruwa ya yi kamar madara, ka shafe sojan duka tun daga hula har takalmi ka bar shi ya kwana. Gam ɗin ba kama robar yake ba, riga yake mata wadda ta zagaye ko'ina kuma tana lanƙwasa tare da ita, fentin kuma a kan rigar yake zama. Bisa wannan ka sa fentin ruwa, akirilik, irin wanda na tabbata shi anka sawo maka da jika 35 ɗin nan, tunda an riga an saya ai sai a mora. Ka sirka shi, shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, ka fara da fata sannan riga sannan ɗamara da makami. In ka gama ka sake bi da ruwan gam ko banish mara ƙyalli, fentin ya zauna tsakanin riga biyu. Kuma ka liƙa kowane bisa washa ta ƙarfe daga wajen masu kayan babur, ka barbaɗa yashin gulbi da ka tankaɗe a kan gam, ya samu nauyi ya daina faɗuwa, ku riƙa ɗaukarsa ta gindin ba ta bindiga ba. Rabin ɓarewar daga yatsun abokinka take.

Dabaru biyu da za su sa aikinka ya tashi daga na yara. Ka haɗa ruwan ƙasa mai duhu da ruwa sosai ya koma kamar shayin da anka yi ma na uku, ka shafe sojan, zai gangara cikin lungu da ninkin riga ya fito da su. In ya bushe ka ɗebi launi mai haske a buroshi ka goge a tsumma har ka ga kamar ba saura, ka riƙa shafawa sama-sama, tudun ne kawai zai ɗauka. Da hunturu kuwa akirilik kafin ka kai buroshi ya bushe a faranti, sai ka sa jiƙaƙƙen soso a murfin roba ka shimfiɗa takardar nan da masu kek ke sawa a tire, ka zuba fentin bisanta, zai kai ka dare. Wanda ka gama ka kifa masa kwano saboda ƙura. Silin kuma ka manta da shi ko ba don amarya ba, a watan huɗu da na biyar da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano tanda ce, bindigogi su karkace fenti ya bushe a kwalba. Wanda ya riga ya karkace ka tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, ka miƙe shi, ka jefa a ruwan sanyi, zai tsaya. Da wannan dabarar ma ake canja ma soja tsayuwa, a ɗaga hannu a juya kai.

Ga abin da ni nake so in gani daga hannunka, in malam ya ba ka hanya. Kana zaune a Maradi kana fentin sojan Amurka da na Jamus da ko a mafarki ba ka taɓa ganin kalar rigarsu ba, alhali garin nan da doki da mashi anka kafa shi. Bayan Katsina ta faɗi hannun masu jihadi a 1807 sarakunan Haɓe sunka yo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna nan, Gobirawa kuma daga baya sunka kafa Tibiri nan kusa da mu. A Gawakuke a 1836 rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta ci ta Gobir da Maradi, Sarkin Gobir Ali da Sarki Rauda na Maradi duk sun kwanta a wurin, sannan Sarki Ɗan Baskore na Maradi ya zo ya yi sama da shekara ashirin yana kai hari kudu. Ga 'yan lifida, ga masu sulke da kwalkwali, ga 'yan baka a ƙasa, ga ganuwa da ƙofofi. A 1899 kuma ga ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine da ya ƙone garuruwa tun daga yamma, ya yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ya zo ya watse a wajen Tasawa inda sojansu da kansu sunka harbe su. Ba kwalin da za ka saya a waje ka tarar da ɗan lifidin Maradi yadda yake, sai dai kai ka yi shi, kuma ba ka buƙatar YouTube, ranar hawan sallah ka tsaya ƙofar fada nan ko Tibiri da wayarka ka ɗauki sirdi da linzami da likkafa da yadda ake naɗa rawani da amawali.

Yinsa ba wuya, haƙuri yake so. Dawakin kaboyi na leda su ne jarinka. Mahayin ka share masa hula da bindiga da reza, ka naɗa masa rawani da zaren ɗinki ka ɗiga ruwan gam ya daskare, babbar riga kuma tishu ne za ka yanka ka rataya masa ka jiƙa da gam, kana tura ninkin da tsinke tun yana ɗanye, in ya bushe tauri yake kamar fata. Lifidi ka samu gam ɗin nan mai kala biyu da ake murɗawa kamar tuwo, wanda makanikai ke toshe tanki da shi, ka shimfiɗa siriri bisa ƙirji da gindin dokin, kafin ya daskare ka zana masa layi a gicciye da allura ya ba da ɗinkin auduga, hannunka da ruwa don kar ya manne maka, in ka gama ka wanke hannun. Mashi waya ce, ka buga bakinta da guduma ya faɗaɗa ka gyara da fayil. Garkuwa ka roƙi dukawa ragowar fatar da suke zubarwa, garin jar akuya guda ai ba a rasa fata ba. Allurar wuya kuma ka ɗan ɗumama ta a wuta ka soka, ka datse da filaya ka bar kaɗan, ka danna kan. Sai dai ka kula da girma, na leda wajen santimita 5 ne, kusa da ma'aunin da ake kira 1/32, su kuma na kwali irin na Airfix ko Italeri masu 1/72 ba su wuce santimita 2 da rabi ba, in ka haɗa su a tebur ɗaya sai ka ga kamar uba da jariri sun fito yaƙi. Ka zaɓi ɗaya, ni da na ledar zan tsaya, ga arha ga shi ido na gani.

In kuna buga tarihin gida ku yi da ladabi, ba a san jikan wa ke zaune a wajen ba, wani kakansa na wancan ɓangare. Kuma dan Allah, a halin da ake ciki a yankin iyaka, kar ka jera sojoji masu kakin zamani bisa taswirar Madarunfa ko Ɗan Isa ka ɗauki hoto ka sa a Facebook ko TikTok, akwai waɗanda abin ya taɓa su da gaske, kuma akwai masu tambayar da ba su da dariya irin ta surukarka.

Abu ɗaya da ba ni da sassauci a kansa, dalma. Duk mai wannan harka wata rana sai shaiɗan ya raɗa masa ya fasa tsohon batir ya narka dalma ya zuba nasa sojan. Kul. A Zamfara nan maƙwabta a 2010 yara sama da 400 sunka mutu da gubar dalma daga dutsen zinari da ake daka a cikin gidaje, ƙura kawai, kuma wanda ya rayu tana taɓa masa ƙwaƙwalwa. Su kansu Turawan Ingila tun 1966 sunka daina yi ma yara sojan dalma. Ɗiyarka wata takwas, yanzu za ta fara rarrafe tana kai komi baki, kan soja ɗaya ya isa ya shaƙe ta balle guntun allura. Ka sa kafinta ya yi maka ɗan akwati mai kwaɗo, ka rataye a bango inda kowa ke gani amma hannun yaro ba ya kai, makulli ɗaya wajenka ɗaya wajen uwarta, kuma duk ranar da ka yi aiki ka ƙirga allurai ka share wurin kafin a sauke yarinya ƙasa.

In Allah ya sa ta dawo, kar ka tambaye ta gwangwanin a ranar, ka bari ita ta ɗauko zancen. In Hajiya ta riƙe shi sati biyu don ta ga gudun ruwanka ka bar mata, kafin nan ka je wajen malam ka dawo. Abokin naka kuma ya zo gida ya gaida ta da rana tsaka, ta san fuskar wanda kuke yaƙin da shi.